Yadda Aka Kama Ni da Itace a Dutsen Turawa

Tun da na dawo ban huta ba. A coci, a kasuwar Kafanchan, har a gidan makoki, tambayar ɗaya ce: "Malama, yaya ƙasar Turawa?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura Ngozi, abokiyar tafiyata, tana ƙara wa labarin gishiri duk inda ta zauna. Shekaranjiya na ji wai har ankwa aka sa mini. Ba a sa mini ankwa ba. An dai kama ni, wannan ba zan musa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da hannuna kafin Ngozi ta kai ni gidan yari.

Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni, na yi ritaya. Garinmu yana gindin dutse, ba nisa da Fadan Kaje. Shekara uku da suka wuce idon ruwan da muke sha a gindin dutsen ya fara ƙafewa tun kafin Ista. Mu matan zumuntar coci muka je wurin dagaci, aka hana saran itace da cinna wuta a dutsen, aka kuma ba ni shugabancin masu lura. Na tsaya kai da fata, har busasshen itace na ce kada a taɓa. Na san mutanenmu. Idan aka ce a ɗauki busasshe, gobe wani zai je ya sassaƙe ɗanye, bayan wata biyu ya dawo da gatari ya ce ai ya mutu da kansa.

Ruwa ya dawo. Zabin daji sun dawo, birai ma sun dawo har suna yi mana ɓarnar masara. Abin da ya tafi bai dawo ba shi ne yayata, Saratu.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni bayan rasuwar Mama. Mijinta ya mutu ya bar ta da yara biyar, da itacen dutsen nan ta ciyar da su. Kowace Asabar, in ta sauko, sai ta jefar mini da dami ɗaya a ƙofar gida ta ce, "Auta, ga naka." (Mu nan kudu kowa "ka" ne, mace da namiji, kada 'yan Kano su yi mini dariya.) Ranar da aka kafa dokar ta miƙe a gaban dagaci ta ce da ni, "Ai busasshe ne! Yana kwance yana ruɓewa, mutane kuma suna bukata!" Na ce mata doka ba ta san yaya da ƙanwa ba. Daga ranar ban ƙara jin "Auta" a bakinta ba, sai "Malama Shugaba". Ƙofar gidana kuma ta zauna wayam kowace Asabar.

Bana Yaya Saratu ta tara mata masu itace suka kai kuka, dagaci ya sa ranar zama: Asabar ɗin da za ta biyo bayan dawowata daga Turai. In an buɗe dutsen, wahalar shekara uku ta tashi a banza. In na sake hanawa, na san yayata ta tafi ke nan har kabari. Da wannan a zuciya na hau jirgi.

Tafiyar kuwa wata Baturiya ce ta jawo ta, sunanta Marta. Ta zo wani aiki a garin Gidan Waya, ta ji labarin dutsenmu, ta zo muka hau tare. Ashe a wani gandun daji take aiki a tsaunukan Alps, can ƙasar Ostiriya. Da ta koma sai ta aiko da gayyata, mata biyu su je su ga yadda suke kula da nasu dutsen. Aka zaɓe ni da Ngozi, sakatariyarmu. Ngozi 'yar Ibo ce amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife ta, tana sayar da kayan keke da na babur, kuma ba a taɓa kayar da ita a magana ba. Mama Bulus take kirana, da sunan ɗana.

Ana jibi za mu tashi na je sallama. Na tarar da Yaya tana faskare wani guntun itace da ta ɗauko tun daga hayin rafi, tafiyar awa biyu. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malama Shugaba. Ka gaishe da Turawa."

Motar Abuja ta Kwoi muka bi, an cusa mu tsakanin buhunan citta, har muka isa hancina bai daina ƙaiƙayi ba. Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, don idona a rufe yake ina addu'a. Ngozi ta cinye abincinta ta cinye nawa, wai kada a yi asara.

A filin jirgin can ne aka fara. Wani kare mai kayan aiki, da 'yar rigarsa, ya zo ya zauna daidai jakata ya ƙi tashi. Jami'in ya ce in buɗe. Ya ga busasshiyar citta da acca da na ɗauko tsaraba, ya kaɗa kai. Ya ɗauko gwangwanin daddawa, na ce masa, "Ɗana, kada ka buɗe." Bai ji ba. Da ya buɗe sai ya ja baya taku biyu, ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce miya ake yi da shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna, suka dubi juna. Ana cikin haka karen ya tura hanci cikin ƙullin yajina, ya shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Nan da nan aka rufe mini jaka aka nuna mana ƙofa.

Daga nan sai jirgin ƙasa. Ngozi ta tsaya a tasha ta zuba wa agogo ido. Hannun agogo na taɓa lokacin da aka rubuta, sai ga jirgi ya shigo. Na juya in yi mata magana na ga hawaye. Ta ce, "Mama Bulus, haka Papa na yake faɗa. Ya ce a zamaninsu mata suna ɗora tukunya da kukan jirgin Kafanchan." Ban taɓa ganin Ngozi ta yi shiru na minti goma ba sai ranar.

Marta ta tare mu a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin duwatsu, ta rungume ni tana cewa, "Sannu da zuwa, Mama!" Iyakar Hausarta ke nan, sai kuma "na ƙoshi", sauran da Turanci muke yi. Lokacin zafinsu ne wai, amma rigar sanyi biyu na sa. Ga ƙanƙara fari fat a kan duwatsu, ga rana da ba ta san lokacin faɗuwa ba. Mun kwana biyu muna zaman taro da mutanen wasu ƙasashe, wanda ba zan gajiyar da ku da shi ba. Rana ta uku Marta ta ce mu bar manyan jakunkuna a masauki, za mu hau dutse mu kwana a bukkar mahaifiyarta. Tsohuwar takan hau can duk lokacin zafi tana dafa wa masu yawon dutse abinci.

Sai dai mota ba ta shiga kwarin da ke kai mutum gindin dutsen. An hana, don kada a dami namun daji. Ko ƙafa ko keke.

Rabona da keke tun ina budurwa. Aka ba ni wando, abin da ban taɓa sawa a gaban jama'a ba, aka ɗora mini hular kwano a kan ɗankwali. Keken ma ba irin namu ba ne, mai batir ne, kana taka shi yana taimaka maka. Ngozi ta zagaya shi sau uku tana ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan in ya lalace a Kafanchan, sai dai fasto ya yi masa addu'a." Ta nuna mini wani maɓalli ta ce kada in taɓa. To, da muka zo hawa na ga kowa yana wuce ni, har da wata tsohuwa mai farin gashi, zuciya ta ɗebe ni na danna. Jama'a, keken nan ya zabura kamar an tsikare shi. Na wuce tsohuwar, na wuce Marta, na wuce Ngozi ina kiran sunan Yesu. Can gaba shanu suka tare hanya, manya-manya, kowace da ƙararrawa a wuya. Na nemi burki na rasa, sai na karkata cikin ciyawa na kwanta a hankali ni da keken. Wata saniya ta zo ta leƙa fuskata, ta ci gaba da kiwonta. Abin da ya fi ba ni mamaki ba faɗuwar ba ce. Shanu kusan talatin, ba makiyayi ko ɗaya, ba mai sanda, ba mai gona yana ihu.

A gindin dutsen muka ajiye kekuna, wani dattijo ya same mu, da doguwar hula da na'urar hangen nesa a wuya. Shi ne babban mai gadin gandun, sunansa Yosef, mu kuwa muka mai da shi Baba Yusufu. Ya karanta mana dokoki da Turancinsa mai kauri: kada a bar hanya, kada a tsinki fure, kada a yi ihu, kada a yar da komai. Har ɓawon ayaba sai da ya sa Ngozi ta mayar cikin jaka. Ta ce da ni da Hausa, "Mun zo ƙasar da ake goyon shara." Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina, yawwa, ga mutanen da suka san doka, da ma Yaya Saratu tana nan ta gani.

Muka kama hawa. Abin da na lura, Turawan nan da ba sa gaisuwa a gari, a kan dutse kowa sai ya gaishe ka. Da na amsa wa wani na ƙara da tambayar iyali da gajiya, sai ya tsaya yana duba ko ya san ni. Can sai muka ji fito mai ƙarfi. Na waiga in ga wane mara kunya ne yake yi wa matan aure fito, ashe wata dabba ce, ƙatuwa kamar gyazbi, tana tsaye da ƙafa biyu a bakin rami. Ngozi ta haɗiye miyau ta ce, "Chineke! Ka ga nama yana kiran mutum da kansa." Baba Yusufu ya ce ba a taɓa su, ƙirga su ma ake yi. Ngozi ta ce ita ma ƙirgawa take yi, tukunya nawa za su cika.

Daga nan hanya ta shiga kurmi, kuma a nan ne Shaiɗan ya same ni. Itace ne kwance ko'ina. Busasshe ƙarau, wani ya faɗi ya gicciye wani, rassa a warwatse ba mai ɗauka. Duk macen da ta tashi a ƙauye ta san abin da nake nufi, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na ce, "Ngozi, ka ga asara?" Ta ce, "Na gani. Ka kawar da ido."

Da muka kusa fita kurmin, Baba Yusufu da Marta suka ce za su ratsa wani gefe su duba awakin dutse da yake ƙirgawa. Suka ce mu huta, sannan mu bi alamar fenti ja da fari, bukkar ba nisa. Muka zauna. Daga inda nake ina hango rufin bukkar, hayaƙi yana fita. Wato da itace tsohuwar take girki.

Sai a lokacin na tuna cittar da accar suna can ƙasa cikin babbar jaka. Hannu rabbana zan shiga gidan tsohuwa. A garinmu mace ba ta saukowa daga dutse ta shiga gidan babbar mace da kai wayam, ko kara uku ne sai ta riƙo. Haka Yaya ta koya mini tun ban fi shekara bakwai ba. Ga tsohuwa tana wahalar dafa wa baƙi, ga itace yana ruɓewa a bayan ɗakinta, 'yarta kuma ta yi boko ba ta san ta ɗauko mata ba. Dokokin Baba Yusufu na bi su ɗaya bayan ɗaya a kaina: fure, ihu, shara. Bai ambaci itace ba.

Ngozi ta ce, "Mama Bulus, abeg, ka bari." Na ce ta yi mini shiru. Na tuɓe rigar sanyi ɗaya na naɗe ta gammo. Na karya rassa da gwiwa, na tara dami mai kyau. Igiya ce babu, sai na haɗa ɗankwalina da wayar cajin Ngozi na ɗaure. Ta taya ni ɗorawa tana cewa ita dai ba ruwanta, sannan ta koma baya ta ciro waya tana ɗaukata hoto.

Haka na iso bukkar. Farfajiyar cike da Turawa suna cin abinci a rana. Cokula suka tsaya. Wasu suka fara tafi, suna tsammani wasa ne aka shirya musu. Tsohuwar ta fito tana goge hannu, gajeriya mai jan kumatu. Na durƙusa yadda ake yi, na sauke damin a gabanta na ce, "Mama, ga ɗan itace." Ta dubi damin, ta dube ni, ta toshe baki da hannu biyu. Na ɗauka murna ce.

Sai ga Marta da Baba Yusufu. Fuskar Marta ta yi ja har kunne. Dattijon ya tsuguna ya juya wani reshe, sai ga ɗan ƙarfe mai lamba an kafe a jiki. Ni na gan shi tun a kurmi, na ɗauka wani yaro ne ya yi wasa. Ya miƙe ya ce, cikin ladabi amma ba dariya, kurmin nan shi ne zuciyar gandun, ba a fitar da ko tsinke daga ciki. Ya ɓare ɓawon wani reshe da farce ya nuna mini tsutsotsi da tururuwa a ƙasa. Ya ce su ne abincin tsuntsaye, gungumen da ke kwance kuma shi ke tare ƙasa da duwatsu kada su gangaro, in ya ruɓe a kansa sabon itace yake tsirowa. Mai lambar kuwa shekara da shekaru suna zuwa duba shi. Dole a mayar da komai inda yake.

Raina ya ɓaci. Ga kunya, ga gajiya, ga mutane suna kallo. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, da Hausa ma, na ce, "Ai busasshe ne! Yana kwance yana ruɓewa, tsohuwa kuma tana bukata!"

Ngozi ce kaɗai ta ji abin da na faɗa, kuma tana wurin ranar da aka kafa dokar a gaban dagaci. Ta sauke wayarta a hankali ta dube ni. Sai a lokacin na gane maganar Yaya ce ta fito daga bakina.

Na sake ɗora damin muka koma kurmi. Baba Yusufu, don ya sassauta mini, ya ce in ba shi ya gwada ɗauka a ka. Taku huɗu ya yi, dami ya yi gabas, hularsa ta yi yamma. Muka mayar da rassan, mai lambar ya kwantar da shi daidai gurbinsa kamar mai kwantar da jariri. Da ya gama na ce su yi gaba. Na zauna a kan wani dutse na yi kuka sosai. Ba don Turawa sun yi mini dariya ba. Ni baƙuwa ce, cikina a ƙoshe, kyauta kawai zan kai, amma da aka ce in ajiye sai da na ji kamar an mare ni. Yaya kuwa abincin yaranta ne a cikin damin, kuma ƙanwar da ta goya ce ta ce ta ajiye.

Da na koma bukka, aka ce in cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, aka ba ni silifas na ulu. Mama Marta, wato mahaifiyar Marta, ta zaunar da ni kusa da murhu ta kawo wani abu kamar tuwon masara, amma maimakon miya sai aka narka cuku a kai. Na ciro abin da kare ya rage na yaji, wanda ba na rabuwa da shi, na barbaɗa. Tsohuwar ta ce ita ma a sa mata. Ta ci, ta yi tari, ta yi hawaye, ta miƙo kwano a ƙara. Daga nan muka saba.

Na ce Marta ta tambayar mini ita, in an hana ɗaukar itace, da me take girki? Tsohuwar ta kama hannuna ta kai ni bayan bukka. Ga itace an jera har rufi, kowane gungume da ɗigon shuɗin fenti a kansa. Ta ce kurmin sama ba a taɓawa, amma na ƙasa na mutanen ƙauye ne tun kakanni. Kowace shekara ana zagayawa a sa wa wanda za a ɗauka alama, a sa ranakun ɗauka.

Ta ce da farko ba haka aka yi ba. Da aka kafa gandun, rufe komai aka yi ba wanda ya tambaye su. Ta nuna Baba Yusufu da cokali, yana can yana shan miya, ta ce maƙwabcinta ne tun suna yara, amma shekara huɗu ba ta gaishe shi ba. Duk ranar da ya jingina kekensa a bakin coci sai ta sace masa iska. Dattijon ya ɗaga kai ya ce ya sani, shi ya sa yake yawo da famfo har yau.

Na ce, "To, in mutum ya kashe ɗanye da gangan don a sa masa alama fa?" Abin da ya hana ni barci shekara uku ke nan. Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ba Yosef aka ba gwangwanin fentin ba. Mijinta aka ba, marigayi, wanda ya fi kowa taurin kai da iya sara a ƙauyen. Shi daga nesa yake gane itacen da ya mutu da kansa da wanda aka taimaka masa, kuma ya san gatarin kowa. Tun da fentin ya shiga hannunsa ba a ƙara yi musu wayo ba. Nan take na tuna mace ɗaya a garinmu da take gane saran kowa.

Wurin kwana ɗaki ɗaya ne, gado kan gado, maza da mata haɗe. Na ce ni matar dattijon coci ce, sai tsohuwar ta ba mu nata ɗakin. Da safe Baba Yusufu ya miƙa mini na'urarsa. Can a jikin dutse, inda ko ƙadangare zai yi tunani, ga awakin nan tsaye da ƙahoni kamar baka, wata da ɗanta yana tsalle. Ya ce akwai lokacin da aka kusa ƙarar da su. Na daɗe ina kallo. Ngozi ma ba ta yi maganar tukunya ba.

Saukowa ba abin da ya faru, sai dai ban taɓa maɓallin ba. Na aika wa Mama Marta citta da acca ta hannun 'yarta, daddawar kuma na dawo da abata.

Ranar Alhamis muka iso Kafanchan. Kafin in shiga motar gida na sayi ƙaramin gwangwanin shuɗin fenti da buroshi, na sa Ngozi ta wanke mini hoton nan. Ranar Juma'a na tafi gidan Yaya. Tana tsince wake a tsakar gida. Ta ce, "Malama Shugaba an dawo? Yaya Turawa?"

Na ce, "Yaya, an kama ni da satar itace."

Hannunta ya tsaya. Na miƙa mata hoton. Ga ni cikin wando, kai ba ɗankwali, dami a ka ya karkace, wayar caji tana lilo. Ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Na ba ta labarin duka, har maganar da ta fito daga bakina, ban rage ko kalma ba. Na ce, "Maganarka ce, Yaya. Sai da na je ƙarshen duniya na ji ta." Leɓenta ya fara rawa, ta danne, ta kasa. Ta yi dariya har waken ya zube, kaji suka taru.

Da ta lafa na ajiye gwangwanin a gabanta na faɗa mata yadda Mama Marta ta ce. Saman dutse, wajen idon ruwa, a bar shi ko tsinke. Gefen ƙasa a buɗe ranar Asabar, busasshe kawai, wanda aka sa wa alama. Mai sa alamar kuma ita. Ta daina dariya. Ta ce, "Wato in zama ɗan sanda a kan 'yan'uwana." Na ce, "Ni na yi shekara uku ban iya ba." Da na tashi tafiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka bar gwangwanin. Hoton ma ka bar shi."

Washegari a gaban dagaci aka yi ta kai-komo har rana ta take. Wasu matan suna son a buɗe duka, wasu 'yan kwamitina suna cewa na je Turai an juya mini kai. Sai Yaya ta miƙe da gwangwanin a hannu. Ta ce ita za ta riƙe, kuma duk wanda ya sassaƙe ɗanye ya sani ta san bakin gatarinsa, za ta kira sunansa a coci ranar Lahadi. Wani tsoho a baya ya ce shi ya fi tsoron wannan da tarar dagaci. Aka yi dariya, aka amince. Da aka tashi ta wuce ni ta yi tafiyarta, na koma gida ban san inda na tsaya da ita ba.

Asabar ta gaba ina wanke-wanke da hantsi, na ji wani abu ya faɗi tim a ƙofar gida. Na san ƙarar nan. Na fito da kumfa a hannu. Dami ne, an ɗaure shi tamau da igiyar kargo sama da ƙasa, kowane reshe da shuɗin ɗigo a kansa. Yaya har ta yi gaba da nata a ka, ba ta waiwayo ba, sai muryarta na ji.

"Auta, ga naka. Ka duba yadda ake ɗaurewa, kafin ka sake zuwa ƙasar mutane ka ba ni kunya."